Kujerun Aro

"Ku ɗan tashi don Allah, kujerunmu muke so!"

Auta na sunkuye tana zuba wa baƙi ruwa maganar ta dira a kunnenta. Gimbiya ce, 'yar maƙwabta, tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu, sai ƙamshi take zubawa.



Kujeru uku ne, kuma duk na aro. Inna ce ta roƙo su da safe, don yau mahaifiyar Malam za ta zo ganin gidan da ɗanta ya nace sai ya yi aure a ciki. Abin takaicin, Baba ne ya ƙera su da hannunsa lokacin yana kafinta. Da ɓarin jikinsa ya shanye aka sayar da su ga maƙwabta, zarto da guduma suka bi baya, aka tattare a ɗaki ɗaya. Tun daga nan Auta ke riƙe gidan da dutsen guga. Ta gugar ma Allah ya haɗa ta da Malam, malamin firamare, wanda ya riƙa kawo mata rigar da ko yamutsewa ba ta yi ba.

Ita kuwa Gimbiya ta daɗe tana yi masa kwalliya a banza, shi ya sa ta zaɓi wannan lokacin.

"Baƙi muka yi," in ji ta. "Namu ba sa zama a ƙasa."

Inna ta rufe fuska da mayafi. Mahaifiyar Malam, wadda kowa ke kira Mama, ta miƙe tana kaɗe zane, ta dubi ɗanta.

"Ai ka gani! Na gaya maka zanen aro ba ya rufe katara. Wuce mu tafi."

"Mama, don Allah..." in ji Malam.

"Na ce wuce!"

Auta ta ajiye jug ɗin a hankali.

"Gaskiya ne Mama, na aro ne. Tabarmar nan ce tamu, ita ma ta tsufa. Gimbiya, ɗauki biyun, ki jira in sauke Baba daga ta ukun."

Ta durƙusa gaban mahaifinta. Ta ɗora shanyayyen hannun a wuyanta, ta tokare gwiwarsa da tata, ta rungumo ƙugunsa.

"Ranka ya daɗe kafinta, sarautar ta ƙare, sai a sauko. Bismillah!"

Baba ya yi dariya da rabin bakinsa. "Ja'ira..."

Malam ya zabura zai kama.

"Kada ka ja ta hannun!" Mama ce ta daka masa tsawa. "Kafaɗar za ka gurɗe masa. Matsa!"

Kafin kowa ya ankara ta jefar da jakarta, ta tallabo bayan tsohon. Su biyu suka sauke shi kan tabarma kamar sun shekara suna yi tare. Auta ta cusa matashi ƙarƙashin hannun, ta goge masa gefen baki da bakin mayafinta.

Gimbiya ta ja kujerunta ƙiii, ba wanda ya ko waiwaya.

Mama ba ta miƙe ba. Ta janye rigar Baba ta duba bayansa da kwankwasonsa, sannan ta ɗago.

"Shekara nawa yana kwance?"

"Huɗu."

"Huɗu, ba gyambo ko ɗaya? Wa ke juya shi?"

"Ni ce. Inna bayanta ba ya ɗauka. In na goge kaya biyar sai in zo in juya shi."

Idon Mama ya kawo ruwa. "Shekara bakwai na yi ina ɗaga mahaifin wannan yaron. Duk iyawata sai da ya yi gyambo."

Malam ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Autata, kin ga..."

"Dakata, masoyi." Ta dubi Mama ido cikin ido. "Gara ki ji daga bakina. Ina son ɗanki, Allah ya sani, son da ko barci ba ya bari na yi. Amma duk gidan da zan shiga, da Babana da Innata zan shiga. In hakan ya yi nauyi, ku tafi, ba zan riƙe ku a zuciya ba."

"Ke, yi shiru!" Inna ta ce a firgice. "Za ki kori rabonki!"

"In rabona ne Inna, ba ya koruwa."

Mama ta gyara zama a kan tsohuwar tabarmar, ta miƙe ƙafa.

"Akwai ɗaki a gidana mai faɗin ƙofa, don keken guragu na marigayi aka fasa ta. Tun rasuwarsa yake rufe." Ta juya ta harari ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kana washe baki kamar gonar auduga! Durƙusa ta koya maka yadda ake ɗaukar suruki."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar tarewa, ango ne ya ɗauko Baba daga mota, amarya na biye tana faɗa:

"Gwiwar, masoyi! Tokare gwiwar!"