Kwamfutar da Ta Ƙi Kwanciya

Auta ba ta yi niyyar magariba ta same ta a ofis ba. Har ta rataya jaka manaja ya leƙo.

Aikinta kula da kwamfutocin kamfanin ne, na sama da na ƙasa. Daga teburinta take ba su umarni gaba ɗaya. Kamfani ya gaji da wutar da ake sha a banza, sai ya kafa doka: da an tashi aiki kowace kwamfuta ta yi barci, da safe umarni ya tafi da kansa ya tashe su. Wadda ta bi doka sai ta nuna kore a allon Auta. Wadda ta ƙi ta nuna ja.

Ita kuwa aikin gwaji take, ba a tabbatar da ita ba tukuna.

"Gobe masu duba aiki za su zo," in ji manaja. "Na ga ja ko ɗaya, ki nemi wani wurin. Ba faɗa nake ba, 'yata, gaya miki nake."

Ya tafi. Kowa ya watse.

To, dokar ba ta shiga kwamfutar da ke kashe, sai an tashe ta. Dole Auta ta tashi na kashe a daren nan, dokar ta shige su kafin gobe. Yadda aka koya mata, ana zaɓar su ne da sunansu, a kira wadda ake so. Amma uwarta ta bugo waya.

"Auta, a can za ki kwana ne? Ko auren kwamfutar kika yi ba mu sani ba?"

"Ga ni nan, Inna, yanzun nan."

Yarinyar kirki ce, Allah ya sani, sai dai gaggawa. Ba ta tsaya zaɓe ba. Ta danna wurin da ke tashin duk abin da ke cikin ginin, mai suna da marar suna.

Gini ya ɗauki gunji. Allo ya dinga komawa kore, kore, kore. Sai ɗaya ta fito ja, a can bene na ƙarshe, wanda aka rufe tun da rufi ya fara yoyo. Ba ta da suna. Auta ta aika mata umarnin barci, ta ƙi. Ta sake, ta ƙi.

Sai dai a je a kashe ta da hannu.

Ta leƙa ƙofa neman Baba maigadi, ba ya nan. Ta kunna fitilar waya ta hau.

Matakalar ta yi tsit. Rana ta faɗi, ɗan jan da ya rage a taga yana dusashewa. Warin jiƙaƙƙen katako ya tare ta, da ƙaurin roba mai zafi.

Ƙofar a buɗe take.

Tebura an lulluɓe su da leda. Ruwa na ɗiga wani wuri, ɗis, ɗis. Can ƙarshen ɗakin allo ɗaya na haske.

Ta matsa. Fankar cikin kwamfutar ba gunji take ba. Jan iska take, ta saki. Ja, ta saki. Kamar ƙirjin tsoho.

Ta haska ƙasa.

Wayar wutar na yashe cikin ƙura, ba a jona ta da komai ba.

Kujerar gaban teburin ta yi ƙara, ta lotsa, kamar mai nauyi ya gyara zama.

"Wa ya tashe mu?"

Muryar a bayan kunnenta take, ƙasa-ƙasa, da sanyi.

"Ni ce," ta ce. "Ku yi haƙuri. Aiki ne."

"Ba ki kira sunan kowa ba, ɗiyata. Kowa kika kira."

Ledojin da ke kan tebura suka fara motsi. Duka.

"Zan mayar da ku. Don Allah."

"Wanda ya kwantar da mu, tare muke kwanciya."

Ƙofa na nan a buɗe. Da ta ruga, da ta tsira lafiya lau. Amma jan nan na allonta ya faɗo mata a rai, da Inna, da yawon neman aikin da ta sha har takalminta ya cinye.

Ta miƙa yatsa ta danne maɓallin kashewa.

Wani yatsa, dogo, mai sanyi, ya hau kan nata. Ya taya ta dannawa.

Allon ya mutu.

Barci ya rufto mata kamar jiƙaƙƙen bargo. Ta zube ƙasa. Ta ciji leɓe har ta ji jini. Ta ja ciki. Bayanta ana hamma, baki da yawa.

Ta kai matakala, ta gangaro.

A ƙasa Baba maigadi ya tsince ta, ya ja ta waje yana salati. An yayyafa ruwa, an jijjiga, an kai ta asibiti. Likita ya ce barci take, lafiyarta ƙalau. Ba ta buɗe ido ba sai da safe, daidai lokacin da kwamfutoci suka tashi.

Masu duba aiki sun ga kore fes. An tabbatar da Auta, har manaja ya yabe ta gaban jama'a.

Tun ranar, da kwamfutoci sun kwanta ita ma sai ta zube, ko a tsaye take, ko da loma a baki. Dole take barin ofis da wuri don abin ya same ta a gida. Ta sha zama za ta canza dokar, amma da ta kai hannu sai yatsan nan ya mutu, sanyi ya hau har kafaɗa.

Shekaranjiya ta dawo da labari. A dogon hutun ƙarshen shekara za a kashe komai, ba za a tashe su ba sai an dawo aiki.

Inna ta sa ta maimaita. Ta tashi ta wanke zanen gado, ta jawo tabarmarta kusa da gadon Auta.