Littafin da Ya Raba Lavinia da Edmund

"Ƙarya ne! Cecily, ki ce ƙarya kike yi!"

Lavinia ce ta miƙe daga kan teburin cin abinci. 'Yar baffanta Cecily ta kurɓi shayi, ta yi murmushi.

"Ga shi nan zaune, ki tambaye shi mana. Littafin nan da ya tayar da ƙura a Ingila, na mai masaƙar da injinansa ke cinye hannuwan yara... Edmund ɗinki ne ya rubuta, ya ɓoye sunansa. Mugun mai masaƙar kuwa, Baffa ne, mahaifinki!"

Tun da Edmund ya tsallake ta ya zaɓi Lavinia, Cecily ke jiran wannan rana.

Edmund ya ajiye cokali. "Ni na rubuta, ranka ya daɗe. Abin da idona ya gani ne."

Mista Thackley, mahaifin Lavinia, ya daki tebur.

"Ka ci abincina ka zage ni a idon duniya! Ka buga a jarida cewa sharri ka yi mini. In ba haka ba, ko inuwar 'yata ba za ka ƙara gani ba!"

Washegari Lavinia da Edmund suka haɗu a bayan coci, ana yayyafi.

"Zan ƙaryata kaina, hasken idona," in ji shi. "Littafi ai takarda ce. Ke fa?"

Ta dube shi.

"Yarinyar nan mai hannu ɗaya ta cikin labarin... da gaske akwai ta?"

"Akwai ta. Nell sunanta."

Hawaye suka zubo mata.

"To kada ka yi."

"Lavinia!"

"In ka ce ƙarya ne, wa zai sake yarda da ita? Kullum na dube ka zan ga mutumin da ya sayar da ita don ya same ni. Ka tafi, masoyina... ka tafi kafin in canza magana."

Ya tafi Landan.

Littattafansa suka yi ta fitowa, sunansa ya zagaye ƙasa. Ita kuwa duk manemin da ya zo sai ya koma da sanyin gwiwa. Mahaifinta ya daina yi mata magana.

Shekaru suka shuɗe, sai wata safiya Cecily ta ce, kamar da wasa, "Kin ji marubucinki na aman jini? Tarin fuka, wai."

Lavinia ba ta nemi izinin kowa ba, ta hau jirgin ƙasa.

Ta same shi a wani ɗaki mai danshi, ya rame har ba ta so ta gane shi ba.

"Kin zo..."

"Na zo, zuciyata. Ba na komawa."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi.

"Masu karatu na ƙorafi wai ban taɓa barin masoya su yi aure a littattafaina ba. Ɗauki alƙalami. Yau zan ɗaura musu."

Yana faɗa tana rubutawa. Ya shigo da amarya coci, ya tsayar da ango gefenta.

"Sai limamin ya dube ta, ya ce..."

Ta tsoma alƙalami a tawada tana jira.

"Ya ce me, Edmund?"

Ta ɗago kai, ta ga numfashinsa ya tsaya.

"Edmund!"

Bayan rasuwarsa, masu buga littafi sun roƙe ta ta ƙarasa babin da kanta. Ta ƙi. Haka aka buga shi, da amarya tsaye tana jiran tambayar limamin.