Yaran Cikin Kwalba

A ƙofar ɗakin gwaje-gwaje Auta ta fara ganin Dogo, rungume da kwalaben ruwa, ya rasa hannun buɗewa. Ta buɗe masa. Ƙumar ruwa ce ke tsalle a ciki, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba.

"Yarana, ku gaida Anti," ya ce musu.

Dariya ta ƙwace mata.

Ashe teburinsu ɗaya. Ita zafi take ƙara wa tata ƙumar, shi abinci yake hana tasa, don su ga abin da ke sauyawa cikin ƙwayoyin halittarsu idan rayuwa ta tsananta. Kafin shekara ta zagayo, ba ya kiranta sai Zumata.

Ana shirin turo manya, Mama ta ari wayar Auta, sai ga saƙonsa:

"Zumata, tun shekaranjiya ban ba yarana komai ba. Wasu sun mutu, saura na motsi. Gobe zan sa su a firij."

Mama ta saki salati har Baba ya fito da gudu.

"Ƙuma ce fa, Mama!" in ji Auta.

"Wane mai hankali ke kiran ƙuma ɗansa? So ya rufe miki ido."

Baba ya ce kada yaron ya sake taka gidan. Ɗan ƙawar Mama, mai kemis, ya fara zuwa zance. Auta ta rame, ko shayi ba ya wuce mata.

Ran Asabar Dogo ya yi sallama da na'urar ganin ƙananan halittu a kwali da kwalbar ƙumar, ya durƙusa.

"Baba, a duba sau ɗaya. In ban gamsar ba, na haƙura."

Baba ya kanne ido ɗaya, ya leƙa. Ya daɗe.

"Ikon Allah! Zo ki gani, har zuciyarta ana gani tana bugawa."

Mama ta leƙa, ta ɗago a fusace. "Cikinta wayam! Ba su abinci yanzu, a gabana."

Dogo ya ɗiga musu ruwan gansakuka. Da hanjin ya fara yin kore, Mama ta sauke ajiyar zuciya, ta juya ga Auta.

"Ke kuma tashi ki zubo wa ɗana abinci, kin tsaya kina kuka."

Ranar ɗaurin aure Auta na zaune tsakanin ƙawaye, wayarta ta yi ƙara. Dogo ne.

"An ɗaura, matata."

Mama ta dafa kanta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka."

Ɗakin ya ɗauka da amin.