Furen da Ba Kauci Ba

Can a zamanin da, an yi wata mai magani a bakin daji. Wata rana ta ga wani fure a jikin ɗorawa, rawaya mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Ta ciro shi, ta taho gida da gudu don murna.

Maƙwabta suka ce, "Kauci ne." Maƙerin garin, wanda tari ya galabaitar da 'yarsa, ya ce, "Kauci ne, Inna. Ki dafa mata yanzu."

Ta juya furen, ta ce, "Ban san shi ba. Abin da ban sani ba kuwa, ba na ba ɗan mutum."

Ta haye rafi, ta kai wa tsohuwar da ta koya mata magani. Tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Dubi saiwarsa, 'yata. Kauci huda itace yake yi ya sha ruwansa. Wannan maƙalewa kawai yake yi. Da kin cika tukunya da shi kamar kauci, da ya fi ƙarfin yarinyar. Gaɓa ɗaya ta isa."

Ta komo da gudu, ta dafa gaɓa ɗaya. Bayan kwana uku, aka ji 'yar maƙeri tana waƙa, har muryarta ta danne ƙarar guduma.