Mai Ɗibar Wuta a Tsibirin Binuwai

Ni dai suyar kifi aka ce in je in yi. Ranar Lahadi ce, bayan la'asar. Na goya 'yata Umma, lokacin ko zama ba ta fara ba, na ɗauki kaskon suya da kwalbar man gyaɗa, na gangara bakin Binuwai daga unguwarmu Limawa. Ba da son raina na tafi ba. Maigidana Haladu ne ya ce in taimaki ƙaninsa, ni kuwa ban saba yi masa musu ba.

Ƙanin nasa, Nata'ala, sai dai a yi shiru. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an dangana da Maiduguri. Shi ma ya je can ya yi masinja a ofishin wani Bature, ya dawo mana da baƙin tabarau da surutu. Wai ya ga hotuna a bangon ofis, a Masar ana ɗaukar baƙi yawo a kan kogin Nilu, a Lakwaja mutane na zuwa kallon inda Kwara ta haɗu da Binuwai, to me aka fi Jimeta da shi? Ya samo wani tsohon kwale-kwale ya liƙa masa inji, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya kafa rumfar tabarma a kai, ya ce daga yau a riƙa kiransa manaja. Mutumin da ko iyo bai iya ba.

Baƙinsa na ranar su ne Malam Zadok, wani malamin makaranta daga unguwar Luggere, da matarsa Rebeka, sai wasu akawu biyu da aka turo aiki daga Bauci, ba su taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Muna tafe yana tsaye a goshin jirgi yana zuba. Ya nuna wani kututture ya ce dorina ce, akawun suka miƙe suna leƙe har muka kusa kifewa. Rebeka ta dube ni, na dube ta, kowa ta kau da kai.

Can tsakiyar kogi akwai tsibirin yashi da ke fitowa idan ruwa ya ja baya. Masunta kan yada zango a nan da rana. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san ƙa'idar wurin: in ka yi girki, ka bar wutarka da ranta, ka ƙara mata ice ma kafin ka tafi. Wurin da masu shi. Mu da rana, su da almuru, kuma ba sa kunna tasu, ta mutane suke ɗiba. Nata'ala ya sani sarai, a bakin kogin aka yanke masa cibi.

Na haɗa murhu da duwatsun da na tarar, na soya karfasa, aka ci aka sha lemo. Rana ta yi ja. Na kwashe kwanuka da ashana da sauran tarkace a kwando, aka kai jirgi. Ina tura wani guntun ice cikin murhu ke nan, sai ga Nata'ala da bokiti cike da ruwa.

Na ce, "Nata'ala, me za ka yi?"

"Adda Hansai, matsa. Maigidana Bature in mun je shan iska ba ya barin wuta a baya. Haka waɗanda suka waye suke yi."

Malam Zadok ya ce, "Manaja, ko mu a ƙauyenmu ba ma taɓa wutar tsibiri. Bar ta kawai."

Ya yi wata dariya yana satar kallon akawun nan, don su yake wa. Ya juye bokitin gaba ɗaya. Wutar ta yi cuuu, farin hayaƙi ya tashi, warin jiƙaƙƙiyar toka ya bugi hancina. Har da sa takalmi ya tattake. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in kwaɗa masa bokitin a ka.

Kowa ya nufi jirgi. Ni na tsaya ɗaure kaskona, don da zafinsa har yanzu.

Sai na lura kwaɗi sun yi shiru. Tsuntsayen da ke ta kai da kawo a bakin ruwa babu ko ɗaya. Ruwan ma ya daina bugun yashi. Wani ƙarni ya taso, irin na laka da ta daɗe ba ta ga rana ba.

"Gafaranku dai, masu gida."

Muryar mace ce, a hankali, daga bayana.

Na juya. Doguwa ce, siririya, da baƙin zane jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gefensa. Ta rufe kanta har goshi. A hannunta akwai tsingaro, irin wanda muke aika yara da shi maƙwabta. Na dubi yashin da ke bayanta. Babu sawu.

"Na zo ɗibar wuta," in ji ta.

Na waiga wajen jirgi. Sun gan ta. Nata'ala ya cire tabarau, bakinsa a buɗe. Ina kallonsa ya finciki igiyar inji, ya sake fincika, injin ya tashi. Na ji Rebeka tana ihu, "Akwai mace da goyo, tsaya mana." Bai tsaya ba. Manaja guda, ya bar matar wansa da jaririya a tsakiyar kogi, ya tafi da ashanata a kwando.

Ƙarar injin ta yi nisa.

Matar ta durƙusa gaban murhun. Ta daɗe tana kallon baƙar tokar.

"Yarana ba su ci ba," ta ce. "Tun safe suke jiran ku gama."

Na kira ta da sunan da muke kiran uwa, na ce, "Ki yi haƙuri, Dada. Ba ni na kashe ba."

Ta ɗago kai tana shinshina iska. Ta miƙe, ta zagayo ta bayana. Sanyi ya ratsa ni tun daga ƙafa.

"Ai ga ɗumi nan a bayanki."

Umma ta motsa. Ta yi ɗan kuka sau ɗaya, ta yi shiru.

"Kaɗan zan ɗiba."

Na ji bayana yana hucewa. Duk uwar da ta taɓa goyo ta san ɗumin nan, kamar an ɗora maka ƙwaryar kunu. Shi na ji yana tafiya. Ƙafafun yarinyar da ke gefen cikina suka yi sanyi kamar randa.

Na faɗi a gaban murhun. Na tura hannu cikin tokar. Laka ce kawai. Na tona, na watsar, ina kiran sunan Allah. Gawayi jiƙaƙƙe. Wani ma jiƙaƙƙe.

Kan Umma ya langaɓe a kafaɗata.

Na ture babban dutsen murhun da gwiwa. A ƙarƙashinsa, inda ruwa bai kai ba, ga wani ɗan garwashi kamar ƙwayar gurjiya, ya yi fari, saura kaɗan ya mutu.

Na hura. Ya yi ja.

Babu cokali, babu kara. Na ɗauke shi da hannu, na dunƙule don kada iska ta kashe shi. Na ji ƙaurin naman tafina. Ban buɗe ba.

Na juya a kan gwiwoyina na miƙa.

"Ga wuta, Dada. Sakar mini ɗiyata."

Ta tara tsingaron. Na juye. Ta kare shi da tafinta, ta hura, hasken ya haska ƙasan mayafin. Abin da na gani a nan ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ba yau zan fara ba.

"Wa ya kashe?" ta ce.

Ba ta jira amsa ba. Ta juya kai wajen da ƙarar injin ta bi, ta daɗe a haka. Sannan ta taka cikin kogi da garwashinta, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai wuya, ya rufe ta. Na ga ɗan jan hasken yana tafiya a ƙarƙashin ruwa har ya ɓace.

Umma ta tsala kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba.

Ana kiran magariba a Jimeta jirgin ya dawo. Malam Zadok ne riƙe da inji. Ashe Rebeka ce ta shaƙe wuyan rigar manajan ta ce ko a juya ko ta jefa shi ruwa, ya zaɓa. Na sami Nata'ala dunƙule a ƙarƙashin rumfarsa, haƙoransa na haɗuwa. Ko kallo bai ishe ni ba. Rebeka ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mini hannu, ta karɓi yarinyar ta sa a cikin rigarta har muka kai gaɓa.

Hannuna ya warke a dunƙule, yatsu biyu ba su ƙara miƙewa ba. Kwale-kwalen ya ruɓe a bakin ruwa, awaki na kwana a ciki. Shi kuwa Nata'ala, tun daga ranar bai ƙara jin ɗumi ba. An kai shi asibiti, an yi rubutu, an yi turare, duk a banza. Zafin Yola da ke sa mutum ya kwana a tsakar gida, shi yana zaune cikin rana da barguna biyu. In ya matso kusa da murhu wutar sai ta kwanta. Haladu yana tausayinsa, ɗan'uwansa ne. Ni ban iya ba, kuma ban yi ƙoƙari ba.

Wata rana da bazara, tsakar rana, ina tankaɗe a tsakar gida, Umma na rarrafe kusa da ni, sai ga shi ya shigo ba sallama, ya rame ya yi fari fat. Na zaci gafara ya zo nema. Bai ko dube ni ba, yarinyar yake kallo. Ya durƙusa, ya fito da hannuwansa daga cikin bargo.

"Adda, ba ni ita in riƙe," ya ce a hankali. "Tana da ɗumi. Kaɗan zan ɗiba."

Na sure 'yata na shige ɗaki na sa sakata. Washegari na kai ta gidan iyayena a Yola Gari, can ta girma.