Kwalbar Gautan Kura

Da safiyar Litinin aka kira Sufeto zuwa wata cibiyar binciken magunguna. An ce sata aka yi, amma da ya shiga ɗakin gwaji sai ya tarar da komai a inda yake. Ga kwamfuta a kan tebur, ga wayar wani tana caji. Wannan ɓarawo dai ba shi da kwaɗayi.

"Kwalba ɗaya ce, Yallaɓai," in ji Dakta, shugabar sashen, tana nuna firij. "Ruwan da muka tace daga 'ya'yan gautan kura."

"Mai ƙayar nan da ke fitowa a bayan gari? Da shi kakata take mana maganin makero."

"Ita shafawa take yi. Namu mun tace shi ya yi ƙarfi. A farantin gwaji yana kashe ƙwayoyin cutar daji, amma ɓerayen da muka ba, kaɗan ne suka kwana. In mutum ya sha, sai dai Allah."

"Wa ya san yana kashe daji?"

"Kowa. Ranar da sakamako ya fito har tafi muka yi."

"Maganar ɓerayen fa?"

Dakta ta rage murya. "Wannan a ofis muka yi ta, ƙofa a rufe."

Nan take Sufeto ya gane. Ashe ba kwalba yake nema ba, wanda za a ɗura wa yake nema.

Mai gadi ya rantse ko kaza ba ta shiga ba ranar Asabar. Sai da Sufeto ya nuna masa shukokin gautan da ke bayan ginin, ƙasarsu da sauran danshi, sannan ya fara sosa ƙeya.

"Au, Mai Lambu ya zo ban ruwa. Na ba shi makulli ya ɗebi ruwa a ciki. Ai shi ɗan gida ne."

"Me ya riƙo?"

"Kula, da ƙanƙara a ciki. Har na tsokane shi, na ce ko sana'a ya canza."

Ran nan Mai Lambu bai zo aiki ba, ya aiko cewa zazzaɓi yake. Sufeto ya same shi a ƙofar ɗakinsa, zaune kan tabarma, gumi ya jiƙa masa riga, ga bokiti a gefe. Daga ciki ana jin wata mata tana nishi a hankali.

"Wace ce ba lafiya?"

"Mai ɗakina ce. Dajin mama. Asibiti sun ce mu dawo gida."

"Ina kwalbar?"

"Wace kwalba, Yallaɓai?"

Sufeto ya taɓa goshin Mai Lambu. Sanyi ƙalau, babu zazzaɓi ko kaɗan. Ya ja kular daga bayan ƙofa ya buɗe. 'Yar ƙaramar kwalbar tana kwance cikin ƙanƙarar da ta narke, an sha kusan rabi.

"Nawa ka ba ta, Baba? Faɗa mini yanzu, ranta ne."

Dattijon ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. "Ko ɗigo ban ba ta ba. Ni na shuka abin nan, na san yana da dafi. Ni nake sha tukuna, in gane iyakar da jiki zai ɗauka."

Tausayi ya kama Sufeto, amma aiki aiki ne. Ya mayar da ankwar da ya ciro aljihu, ya tallafi dattijon suka miƙe.

"Asibiti tukuna," ya ce wa direba, "sannan ofis."

A mota Mai Lambu ya jingina kai da gilashi, muryarsa da ƙyar take fita.

"Yallaɓai, ka gaya wa Dakta, rabin cokali mutum yana ɗauka, cokali guda ba ya ɗauka. Ta rubuta. Ko matar wani za ta amfana."