Wanda Ke Tsaye a Bayan Muntasir

Hadari ya haɗo ta wajen Wangsa Maju da yammacin wata Alhamis, sai Sensei, malaminsu na horo, ya yi wa Muntasir waya ya ce ya je ya rufe tagogin ɗakin horo kafin ruwa ya jiƙa katifun ƙasa. Mukullin yana wurinsa, don shi ya fi kowa kusa. Ɗakin yana saman wani shagon gyaran babura a unguwar Setapak, inda Sensei, wani tsohon Bajapane, yake koyar da dabarun faɗa irin na ninja.

Muntasir ya daɗe a ajin. Shi ya kawo Kalilu, abokin ɗakinsa, wanda ya biyo shi daga Kano zuwa ƙasar waje neman digiri na biyu, don kawai ya rage tumbi. Yanzu sunan Kalilu ne a bakin kowa.

Akwai gwajin da ake yi. Ɗalibi ya durƙusa, ya rufe ido, Sensei ya tsaya a bayansa da takobin gora, ya sauke shi ba tare da ƙara ba. Wanda ya ji niyyar saran kafin ya iso, sai ya mirgina. Kullum gorar a tsakar kan Muntasir take sauka. Kalilu kuwa ranar farko ya kauce.

"Wai yaya kake yi ne?" Muntasir ya tambaye shi a shagon mamak, inda suke shan shayi.

"Wallahi Oga ban sani ba. Sai in ji wurin ya ishe ni, in matsa."

"Haka kawai."

"Haka kawai lah. Kai tunani ne ya yi maka yawa. Ko duka za a yi maka sai ka yi masa literature review."

Muntasir ya yi dariyar yaƙe.

Bai yarda ba. Akwai abin da Sensei yake koya wa manyan ɗalibai kaɗai: wasu ƙulle-ƙullen yatsu da ake yi a durƙushe, ana fuskantar wata 'yar kantar katako a saman bango, mai ɗauke da ƙaramin madubi da kofin ruwa. In an gama, a tafa hannu, a kai goshi ƙasa. Musulmin ajin ba sa yi. Sensei da kansa ya ce musu, "Ba zan koya muku abin da ba za ku ƙarasa ba." Muntasir ya riga ya yanke a ransa cewa a ɓoye aka koya wa Kalilu. Shi ma ya yi ta kallon hannun manyan har ya haddace.

Ya hau matakala cikin warin baƙin mai. Ya rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin yana warin tsohon gumi da turaren tsinke. Ba kowa.

Ya dubi kantar.

Ai motsa yatsu ne da numfashi, ya ce wa kansa. Goshina dai ba zai taɓa ƙasa ba. Wannan na Allah ne.

Ya durƙusa. Ya sarƙe yatsunsa kamar yadda ya gani, ya ja numfashi, ya sauya ƙulli. Ruwa ya ɓalle a kan kwano. Daga masallacin bayan layi aka fara kiran magariba. Ya ci gaba, har ya kai ƙullin ƙarshe, ya tafa hannu.

Ƙarar ruwan ta ɗauke.

Yana ganin ruwan yana gangara a jikin gilashi, amma ba ya jin sa. Kiran sallar ma ya tsaya a tsakiyar kalma.

Nan ne ake sunkuyawa. Bai sunkuya ba.

Wani ƙamshi ya taso, kamar na jiƙaƙƙen dutse. Katifar da ke bayansa ta lotsa, a hankali, yadda take yi in mutum ya gyara tsayuwa.

"Kalilu?" ya ce ƙasa-ƙasa. Abin da ya fara zo masa shi ne kunya: yaron nan ya kama shi yana satar abinsa.

Wayarsa ta haska a gefen gwiwarsa. Saƙon Kalilu ne. *Oga in za ka dawo ka yo mana tapau, ko shinkafa ce a ƙunso mana, ina ɗaki, yunwa.*

Ashe ba Kalilu ba ne a bayansa.

Sai ya ji shi. Wani sanyi siriri, daga tsakar ka zuwa gadon baya, kamar an shata layi.

Ya mirgina.

Katifar ta tsage a inda yake, tsaf, ba ƙara. Kuma a cikin wannan firgici, wani abu a ƙirjinsa ya yi murna. Na iya. Da Kalilu zai gani.

Sanyin ya dawo. Wannan karon a wuya.

Ba sara ba ne. Nauyi ne, kamar tafin hannu, yana tura kansa ƙasa, wajen kantar. Ba da fushi ba. Kamar mai tuna wa baƙo abin da ya manta.

Ya gane. In ya kai goshi, shi ke nan, an gama.

Ƙasa tana matsowa. Yana jin warin robar katifar.

Ya dafe da hannu biyu. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ya samu farkonta kawai, ya yi ta maimaitawa.

Ya jefa kansa gefe, ya daki ƙofa da kafaɗa, ya gangara matakalar a kwance.

A ƙasa, duniya ta dawo gaba ɗaya: ruwa, hon ɗin motoci, liman yana karatu. Mai gyaran babur ya dube shi, ya gan shi ba takalmi, leɓe a fashe.

Washegari Sensei ya daɗe yana kallon tsagar katifar. Da ya ɗago, ba fuskar Muntasir ya duba ba. Saman kafaɗarsa ya duba, ya ɗan rusuna.

"Ka ƙarasa?"

"Ba zan iya ba, Sensei."

"Na sani. Shi ya sa ban koya maka ba. Abokinka ma ban koya masa ba."

"Wanda ke bayana zai tafi?"

"Jira yake a sallame shi. Ba ya gaggawa."

Muntasir bai koma ajin ba. Ya je wurin wani malami a Danau Kota, an yi masa ruƙiyya, ya samu sauƙi, amma bai rabu da shi ba. Yanzu ba mai matsowa ta bayansa bai sani ba. A jirgin ƙasa na LRT jikin ƙofa yake tsayawa. A masallaci ya bar sahun gaba da ya saba, ya koma na ƙarshe, kusa da bango. In ya yi sujada, yana jin an tsaya ana kallo, ana jiran irinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kalilu yakan ci shinkafa ya kife a kan katifa, bayansa a buɗe ga ƙofa, ya yi ta minshari har la'asar. Muntasir yakan zauna a kusurwa, kafaɗunsa manne da bango biyu, yana kallon bayan nan yana hawa yana sauka. A da ya ɗauka kaucewar Kalilu yake wa hassada. Ashe wannan sakin jikin ne.